Rijiyoyin Burtsatse: Wa Ke Riƙe Da Lissafin Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Ƙasar Najeriya?

A sababbin unguwannin Kano, Kaduna, Abuja da Maiduguri, mai gini ya daina tambaya ko bututun hukumar ruwa ya iso layinsu. Da zarar an kewaye fili, sai a kira masu injin haƙa. A yi kwana biyu ko uku ana ƙara da ƙura, ruwa ya ɓullo, a ɗora tanki, a sallami ɗan kwangila, kowa ya kama gabansa. Sau da yawa ba a barin takarda ko ɗaya da ke nuna zurfin rijiyar, ko irin ƙasar da aka ratsa, ko yawan ruwan da take iya bayarwa.

Bayan shekara ɗaya ko biyu sai maƙwabci ya haƙa tasa, ya zarce ta farko zurfi. Rijiyar guga ta masallacin unguwa, wadda a da take kai wa damina, sai ta fara ƙafewa tun watan Maris. Masu hali su ƙara zurfi, marasa hali su koma sayen jarka a wurin 'yan ga-ruwa. Idan aka tambaya ko ruwan unguwar raguwa yake yi, kuma da wane irin sauri, amsar da za a samu ita ce ta zato, domin ba a taɓa aunawa ba.

Wannan bayani ya duba wanda doka ta ɗora wa alhakin ruwan ƙarƙashin ƙasa a Najeriya, abin da ya kamata a rubuta game da kowace rijiya, da dalilin da ya sa batun ya rikiɗe ya zama rigimar siyasa.

Yadda burtsatse ta maye gurbin famfo

A watan Nuwamban 2018, tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwan sha da tsaftar muhalli. A jawabinsa ya bayyana cewa masu samun ruwan famfo sun ragu daga kashi 32 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 7 a 2015. Birane sun yi ta faɗaɗa, matatun ruwa da bututun da aka shimfiɗa tun shekaru da dama ba su bi su ba. Giɓin da aka bari, burtsatse ce ta cike shi.

Binciken WASHNORM na 2021, wanda Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF, ya ƙiyasta cewa akwai wuraren ɗibar ruwa sama da miliyan 2 a ƙasar, kuma kusan kashi uku cikin huɗu jama'a ne suka samar wa kansu. Wannan adadi ƙiyasi ne da aka fitar daga samfurin gidaje da garuruwa. Yana nuna girman lamarin, amma ba ya gaya wa injiniya abin da zai tarar idan ya kafa injinsa a wata unguwa.

A gonaki ma haka abin yake. Tun farkon shekarun 1990 shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin noman rani a fadamun Arewa. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, manoma da yawa sun koma famfo mai aiki da hasken rana. Sauƙi ne babba ga manomi, sai dai akwai abin lura. A da tsadar fetur ce take sa a kashe inji da zarar an gama ban-ruwa. Yanzu kuwa famfo na iya jan ruwa daga hantsi har la'asar ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ruwan ba iri ɗaya ba ne a ko'ina

Mutane da yawa na ɗauka cewa akwai wani kogi da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa, wanda duk mai dogon bututu zai isa gare shi. Gaskiyar ita ce ruwan yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko a cikin tsagar duwatsu, kuma asalinsa ruwan sama ne da ya tsatsa ƙasa. Babban Tsarin Albarkatun Ruwa na Ƙasa na 2013, wanda aka tsara da taimakon hukumar JICA ta Japan, ya ƙiyasta cewa ruwan da ke sabunta kansa a ƙarƙashin ƙasar Najeriya ya kai kimanin kubik mita biliyan 88 a shekara. Adadi ne mai yawa, amma rabonsa bai daidaita ba. Kudu mai yawan ruwan sama ta fi Arewa mai nisa samu.

Kusan rabin ƙasar na zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Birnin Kano, Zariya, Kaduna, Abuja, Gusau da Bauchi duk suna cikin wannan yanki. A nan ruwa na taruwa ne a saman dutsen inda ya ruɓe ya yi laushi, da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa gida biyu da ke maƙwabtaka, ɗaya zai samu ruwa, ɗaya ya haƙa ya tarar da fa. Ma'ajiyar ƙarama ce, tana cika da damina, tana kuma saurin raguwa idan masu ja suka yi yawa. Ƙara zurfi a cikin dutsen da ba shi da tsaga asarar kuɗi ce kawai.

Sauran rabin kuwa kwaruruka ne masu shimfiɗun yashi da yumɓu, kamar Kwarin Sakkwato da Kwarin Tafkin Chadi. Waɗannan suna riƙe ruwa mai yawa, amma wani sashe nasa, musamman na can ƙasa, ya taru ne tun dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu damshi. Abin da aka ɗiba daga irin wannan ma'ajiya ba ya dawowa a tsawon rayuwar ɗan Adam. Kuma waɗannan kwaruruka ba su san iyakar ƙasa ba. Na Sakkwato wani yanki ne na babban Kwarin Iullemmeden da ya ratsa Nijar da Mali, na Chadi kuwa Najeriya na tarayya a cikinsa da Nijar, Chadi da Kamaru.

Darasin da Borno ta bayar

Najeriya ta taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka ɗauki ruwan ƙasa tamkar ba ya ƙarewa. A Kwarin Chadi masana sun bambance shimfiɗun ruwa uku: ta sama, ta tsakiya da ta ƙasa. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 an haƙa ɗaruruwan rijiyoyi a ƙasar Borno zuwa shimfiɗa ta tsakiya, inda ruwan ke matse a ƙarƙashin yumɓu. Da an huda, sai ya tunkuɗo da kansa ba tare da famfo ba. Makiyaya da ƙauyuka sun samu sauƙin da ba su taɓa gani ba.

Sai dai an bar da yawa daga cikin rijiyoyin suna kwarara dare da rana babu makulli. Sannu a hankali ƙarfin tunkuɗowar ya ragu, wasu kuma suka daina zuba gaba ɗaya. Abin lura a nan shi ne, an iya gane wannan raguwa ne saboda Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da masanan Amurka da suka yi aiki tare da ita sun auna matsin ruwan tun farko, sun kuma rubuta. Da ma'aunin jiya ake gane asarar yau. Rijiyoyin da ake haƙawa yanzu a birane, yawancinsu ba su da wannan ma'auni na farko.

Me doka ta ce?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Gwamnatin Tarayya iko a kan ruwan da Majalisar Tarayya ta ayyana cewa ya shafi jiha fiye da ɗaya. Babbar dokar fannin ita ce Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, wadda gwamnatin soja ta kafa. Ta damƙa wa Gwamnatin Tarayya ikon sarrafa irin wannan ruwa, na sama da na ƙasa, ta kuma ba Minista damar tsara yadda za a ɗibe shi. Amma ta bar wa mai haƙƙin mallakar fili damar ɗibar ruwan ƙarƙashin filinsa kyauta domin amfanin gida, shayar da dabbobi da ban-ruwan gonarsa.

A gefe guda, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni, kuma jihohi ne ke da hukumomin samar da ruwan sha. Ke nan fili na gwamna ne, ruwan da ke ƙarƙashinsa kuma Abuja na da magana a kai. Daga nan ruɗanin ya samo asali.

Hukumomin da ke da hannu a lamarin suna da yawa. Hukumar NIHSA, wadda dokarta ta fito a 2010, ita ke da alhakin auna ruwan sama da na ƙasa da adana bayanansu, ko da yake jama'a sun fi saninta da hasashen ambaliya na shekara-shekara. Hukumar NIWRMC tana ba da lasisin amfani da ruwa ga masu ɗiba domin kasuwanci da masana'antu. Hukumomin Raya Kogunan ƙasar guda 12, irin su Hadeja-Jama'are, Sakkwato-Rima da ta Kwarin Chadi, suna haƙa rijiyoyi da gina madatsu. Hukumar NESREA tana da ƙa'idojin 2011 kan ingancin ruwan sama da na ƙasa. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna tana horar da masu haƙa. Ga kuma hukumomin RUWASSA na jihohi da ke kula da ruwan karkara, ga ƙananan hukumomi, ga ƙungiyoyin agaji, ga 'yan majalisa masu ayyukan mazaɓu. Kowa na haƙawa, kowa kuma na ajiye nasa fayil, in ma ya ajiye.

Wasu jihohi sun yi nasu yunƙurin. Legas, inda ruwan gishiri ke kutsawa cikin rijiyoyin bakin teku, tana da hukumar da ke ba masu haƙa lasisi, Kaduna ma ta kafa hukumar sa ido kan harkar ruwa. Amma a mafi yawan jihohi, duk wanda ya mallaki inji da mota ya zama mai haƙa rijiya.

Takardar da ta fi komai muhimmanci

A 2010 Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, tare da Cibiyar Kaduna, sun fitar da Ƙa'idar Aikin Haƙa Rijiyar Ruwa. Ƙa'idar ta tanadi cewa mai haƙa ya kasance da lasisi, ya kuma rubuta rahoton kammala aiki a kan kowace rijiya. Rahoton ba wani dogon littafi ba ne. Abin da ake buƙata a cikinsa shi ne ainihin wurin da rijiyar take a taswira, ranar da aka haƙa ta, zurfinta, irin ƙasa da duwatsun da aka ratsa mita bayan mita, inda aka ci karo da ruwa, irin bututun da aka zura da inda aka sa matacinsa, da inda ruwan ya tsaya kafin a fara ja. Sai sakamakon gwajin famfo, wato a yi ta jan ruwa na sa'o'i ana auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa, da kuma sakamakon gwajin ingancinsa a ɗakin bincike.

Takarda ɗaya ba ta da wani tasiri. Idan aka tara dubbai a rumbu ɗaya kuwa, sai su zama taswirar abin da ido ba ya gani. Mai son haƙa sabuwa zai san zurfin da ya kamata ya yi tsammani, ɗan kwangila ba zai caje shi kuɗin mita 120 alhali a mita 60 ya tsaya ba. Hukuma za ta ga unguwar da ruwanta ke sauka kowace shekara. Mai gyaran famfo zai san abin da ke cikin ramin kafin ya taɓa shi. Amfanin rahoton ya fi yawa ga mai rijiyar kansa, amma yawancin masu gida ba su san suna da haƙƙin neman sa ba.

Ƙudirin da ya faɗi sau uku

Gwamnatin Buhari ta aika wa Majalisar Tarayya Ƙudirin Dokar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a 2017, lokacin da Injiniya Suleiman Adamu ke Ministan Ruwa. Manufarsa ita ce haɗe dokokin fannin wuri ɗaya, a kafa hukumar sa ido mai cikakken gindin zama a doka, a kuma tsara lasisin masu haƙa da na masu ɗibar ruwa domin kasuwanci. Ƙudirin ya maƙale a Majalisar Dattawa a 2018. An dawo da shi Majalisar Wakilai a 2020, aka janye shi a watan Satumban shekarar bayan ƙorafi kan yadda aka bi da shi. An sake gabatar da shi a 2022, Majalisar Dattawa kuma ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023.

Masu adawa da shi, cikinsu har da Farfesa Wole Soyinka, Gwamnan Binuwai na lokacin Samuel Ortom, da ƙungiyoyin Afenifere, Ohanaeze da PANDEF, sun ce dabara ce ta ƙwace gaɓar koguna daga hannun jihohi, wasu ma sun danganta shi da shirin RUGA na tsugunar da makiyaya. Ƙungiyoyin farar hula kuma sun ji tsoron a mayar da ruwa hajar 'yan kasuwa, a kuma ɗora wa talaka harajin rijiyar da ya haƙa saboda gwamnati ta gaza. Ma'aikatar ta sha nanata cewa yawancin tanade-tanaden suna cikin dokokin da ake da su tuni, kuma ruwan amfanin gida ba ya buƙatar lasisi.

Tsoron jama'a yana da tushe. Wanda ya sayi janareta, ya haƙa rijiya, ya biya mai gadi, ba zai yi maraba da jami'in da ya zo da rasit ba. Amma a cikin hayaniyar mallakar koguna, batun rajistar rijiyoyi da adana bayanansu, wanda bai shafi ƙwace filin kowa ba, shi ma ya nutse.

Farashin rashin lissafi

Na farko shi ne lafiya. Ma'aikatan tsafta sun saba ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. A fili mai ƙafa 50 da 50, wanda ke kewaye da gidaje masu nasu ramukan, wannan tazara ba ta samuwa. Abin da ke kare ruwan shi ne a toshe wuyan rijiyar da siminti yadda ƙazantar sama ba za ta bi jikin bututu ta gangara ba, kuma wannan na cikin abin da mai haƙa maras gaskiya ke tsallakewa domin rage kuɗi. Akwai kuma gubar da ke cikin dutsen kansa. A yankunan Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe an san ruwan ƙasa da yawan sinadarin fuloraid, wanda ke ɓata haƙoran yara. A Ogale ta ƙasar Ogoni, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin a ruwan rijiyoyi fiye da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Ruwa na iya yin garau a kofi alhali yana ɗauke da cuta.

Na biyu shi ne lokacin bala'i. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye sassan Maiduguri, ya haɗe masai da rijiyoyi. A irin wannan hali, ma'aikatan lafiya na buƙatar sanin inda kowace rijiya take domin a gwada ta a zuba mata magani. Inda babu rajista, sai an bi gida-gida.

Na uku shi ne dukiyar jama'a. Burtsatse na cikin ayyukan mazaɓu da aka fi sakawa a kasafin kuɗi, kuma tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun irin waɗannan ayyuka. Rijiyar da ba ta da lamba, ba ta da matsayi a taswira, ba ta da rahoton kammalawa, ana iya biyan kuɗinta sau biyu, ko a yi wa tsohuwa fenti a ƙaddamar da ita. Wadda aka haƙa ba tare da gwajin famfo ba kuma takan ba da ruwa ranar yanke zare, ta ƙafe kafin zaɓe na gaba.

Na huɗu shi ne yanke hukunci a cikin duhu. Bayan motsin ƙasar da aka ji a Mpape ta Abuja a watan Satumban 2018, kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya ambaci rijiyoyi kimanin 110,000 a birnin. Masana sun yi ta muhawara kan ko haƙar na da hannu a lamarin. Abin da ya fito fili shi ne, ko a babban birnin ƙasa da ƙiyasi aka yi magana.

Abin da za a iya farawa da shi

Ba sai an je nesa neman misali ba. Ghana ta kafa Hukumar Albarkatun Ruwa a 1996, a 2006 kuma ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kamfanonin haƙa mallakar lasisi da miƙa bayanan rijiyoyin da suka haƙa. Hikimar tsarin ita ce nauyin yana kan mai inji, ba a kan mai gida ba. Masu injuna ba su kai masu gidaje yawa ba, kuma wanda ke son a sabunta masa lasisi dole ya kawo rahotanninsa.

Jihohin Najeriya na iya yin haka ba tare da jiran Majalisar Tarayya ba. Majalisar jiha na iya wajabta rajistar masu haƙa, ta sa rajistar rijiyar gida ta zama kyauta domin kada mutane su ɓoye, ta keɓe kuɗin lasisi ga masu ɗiba da yawa, kamar masana'antu, otal-otal da kamfanonin ruwan leda. Ma'aikatar kuɗi na iya ƙin biyan duk ɗan kwangilar da bai kawo rahoton kammala aiki ba. Ana iya keɓe wasu rijiyoyi a kowane babban gari domin auna tashi da saukar ruwa kowane wata, aikin da ɗaliban sashen ilimin ƙasa na jami'o'in Zariya, Kano da Maiduguri za su iya yi. Bayanan kuma a sa su a intanet inda kowa zai gani. Sama da duka, muddin ruwan Tamburawa da Challawa bai isa unguwannin Kano ba, na sauran matatu bai isa nasu biranen ba, babu dokar da za ta hana mai ƙishirwa haƙa rami.

Mai karatu ma yana da nasa rabon. Idan za a haƙa rijiya a gidanku ko masallacinku, a sa rahoton kammala aiki da gwajin ruwa cikin yarjejeniya kafin a biya kuɗin ƙarshe. Idan kuwa rijiyar aikin mazaɓa ce, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya da ta ba da kwangilar, ya nemi sunan kamfanin, kuɗin da aka biya, zurfin da aka haƙa da sakamakon gwajin famfo. Dokar ta ba hukumar kwana 7 ta amsa.